Kunnen Lantarki da Maganar Hannu: Zaman Abota Bayan Sanƙarau a Ƙasar Gumel

Gabatarwa

Kowace shekara idan hunturu ya ja baya, bazara ta kawo kai, akwai fargabar da takan sauko wa iyaye a ƙasar Gumel, wato ta sanƙarau. Ƙananan hukumomi huɗun da ke cikin wannan masarauta, Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, duk suna cikin zirin nan da ya ratsa Afirka daga Senegal zuwa Habasha, inda cutar ta fi yin ɓarna. A annobar da aka yi daga Oktoba 2022 zuwa Afrilu 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da rahoton cewa kusan kashi uku cikin huɗu na waɗanda aka yi zaton sun kamu a Nijeriya suna Jihar Jigawa ne, kuma Maigatari da Sule Tankarkar ne abin ya fi shafa.

Idan annoba ta lafa, akan ƙidaya waɗanda suka rasu da waɗanda suka warke. Sai dai akwai wani rukuni da ba a cika tunawa da shi ba: waɗanda suka tashi daga jinya amma ba su tashi da jinsu ba. Masana sun ƙiyasta cewa ɗaya cikin biyar na waɗanda suka tsira daga sanƙarau na bakteriya yakan saura da wata lahani, kuma kurumta tana cikin waɗanda suka fi yawa.

A ɗauki misalin ɗalibai biyu a ƙaramar sakandare, benci ɗaya suke zama, kwano ɗaya suke ci. Ɗayansu ya kwanta sanƙarau, ya warke, ya dawo makaranta. Malam ya kira sunansa bai amsa ba, aka ce ya zama mai taurin kai. Abokin ne ya fara lura cewa ba ya waiwayowa sai an taɓa kafaɗarsa. Me ya faru cikin kunnen wannan yaro? Me kimiyya za ta iya yi masa, me kuma ya rage a wuyan abokinsa?

Yadda Kunne Yake Ji

Sauti ba kome ba ne illa girgizar iska. Fatar kunne takan tattaro wannan girgiza ta zura ta cikin rami har ta bugi dodon kunne, wani tantani marar kauri da ke kaɗawa kamar fatar kalangu. Bayan tantanin akwai ƙasusuwa uku, waɗanda babu ƙanana kamarsu a duk jikin ɗan'adam. Su ne ke miƙa girgizar zuwa can ciki, ga wata gaɓa mai siffar katantanwa wadda ta naɗe kimanin sau biyu da rabi, kuma cike take da ruwa.

A cikin wannan katantanwar kunne ne babban aikin yake. Akwai ƙwayoyin halitta kimanin 15,000 a jere, kowace da 'yan gasusuka a kanta. Idan ruwan ya motsa sai gasusukan su rusuna, kamar yadda iska ke kwantar da gero a gona, nan take ƙwayar ta mai da motsin saƙon lantarki, jijiyar ji ta ɗauka ta kai ƙwaƙwalwa. Ƙwayoyin da ke bakin katantanwar su ke karɓar siririn sauti irin na sarewa, na can ƙuryarta kuwa su ke karɓar kakkaura irin na tambari. Wani masani ɗan asalin ƙasar Hangare, Georg von Békésy, shi ya bayyana wannan tsari, aka kuwa ba shi lambar yabo ta Nobel a 1961.

Abin lura shi ne, waɗannan ƙwayoyi ba sa sake tsirowa a jikin mutum. Fata takan warke, ƙashi yakan haɗe, amma ƙwayar ji idan ta mutu ta mutu ke nan. Ban da sanƙarau, abubuwan da ke lalata su sun haɗa da ƙyanda, da hangum, da wasu magunguna irin su jentamaisin idan aka yi amfani da su ba bisa ƙa'ida ba, da kuma daɗewa cikin ƙara mai tsanani irin ta injin niƙa ko janareto. Wasu kuma da kurumtar aka haife su.

Abin da Sanƙarau Ke Yi wa Katantanwa

Sanƙarau kumburi ne na tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka. Akwai wata siririyar kafa da ta haɗa ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa da ruwan katantanwa, ta nan ne ƙwayoyin cutar kan samu shiga kunne su hallaka ƙwayoyin ji cikin 'yan kwanaki. Daɗin daɗawa, a wasu majinyata ramin katantanwar yakan fara cikewa da ƙashi, wani lokaci cikin 'yan makonni kawai. Idan ramin ya toshe, dasa na'ura a cikinsa yakan yi wuya ƙwarai, ko ma ya gagara. Saboda haka ne likitoci ke shawartar a auna jin duk wanda ya tashi daga sanƙarau cikin wata guda. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Abokin da ya lura da wuri, ya gaya wa malami ko iyaye, ya yi abin da babu na'urar da za ta yi.

Na'urar Ƙara Sauti da Na'urar Dashe

Mutane da yawa sukan ɗauka abu ɗaya ne, alhali kuwa sun bambanta. Na'urar ƙara sauti, wadda ake maƙalawa a kunne, ƙarfin murya kawai take ɗagawa, don haka tana amfani ne ga wanda ke da sauran ƙwayoyin ji. Wanda nasa suka ƙare kuwa, ƙara masa sauti tamkar ƙwanƙwasa ƙofar gidan da ba kowa ne. Shi ne aka ƙirƙiro wa na'urar dashe, wadda ke tsallake matattun ƙwayoyin ta yi magana da jijiya kai tsaye.

Na'urar kashi biyu ce. Na waje yana bayan kunne, ɗauke da makirfo da batir da 'yar ƙaramar kwamfuta mai rarraba sauti zuwa siriri da matsakaici da kakkaura. Na ciki likita ne ke dasa shi ƙarƙashin fatar kai ta hanyar tiyata, kuma daga jikinsa wata siririyar waya ke fita ta shige cikin katantanwa, ɗauke da bakunan lantarki daga 12 zuwa 22. Maganaɗisu ne ke riƙe kashin waje daidai saitin na ciki, saƙo yana ratsa fata ba tare da wata waya ta huda ta ba. Kowane bakin lantarki yana zungurar jijiya a daidai wurin da ya dace da irin sautin da aka aiko masa.

An fara gwajin zungurar jijiyar ji da lantarki a birnin Faris a 1957, a hannun André Djourno da Charles Eyriès. William House ya yi dashensa na farko a Amurka a 1961. Daga baya Ingeborg da Erwin Hochmair a Ostiriya a 1977, da Graeme Clark a Ostireliya a 1978, suka fito da na'urori masu bakuna da yawa, waɗanda su ne tushen na yau. A 1990 ne hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince a riƙa dasa wa yara.

Iyakar Na'urar

Bakuna 22 ba za su maye gurbin dubban ƙwayoyi ba. Idan aka kunna na'urar, 'yan makonni bayan tiyata, abin da mutum ke fara ji yakan yi kama da rediyon da ba a kama tasha sosai ba. Sai ƙwaƙwalwa ta yi watanni tana koyo kafin muryoyi su fito sarai. Wanda ya riga ya iya magana kafin ya kurumce yakan fi saurin sabawa. Wanda aka haifa kurma kuwa, an fi samun nasara idan aka yi masa tun yana ɗan shekara ɗaya zuwa uku.

Har wa yau akwai wata matsala da ta shafi Bahaushe musamman. Na'urar ba ta ƙware wajen isar da hawa da saukar murya ba, Hausa kuwa harshe ne mai karin sauti. Da karin sauti ake bambanta kuka na hawaye da kuka ta miya, da wuya na jiki da wuya ta wahala. Mai na'ura yakan dogara ne da sauran jimla kafin ya gane wanne ake nufi. Haka kuma hayaniya tana rikita ta. Wanda ya ji abokinsa sarai a zaure zai iya kasa jin kome ranar Alhamis a tsakiyar kasuwar Maigatari. Idan kuma ya cire kashin waje don barci, ko batir ya ƙare, ya koma kurma har sai ya mayar.

Sai batun kuɗi. Na'urar da tiyatar sukan ci miliyoyin naira, ga sayen batir, ga cajinsa a garin da wuta ba ta tsayawa, ga kare ta daga ƙura da gumi, ga zirga-zirga zuwa wurin ƙwararru domin saiti. Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa tana Kaduna ne, Asibitin Koyarwa na Aminu Kano kuma yana da sashen kunne da hanci da maƙogwaro. Ga manomin Gagarawa, wannan ba ƙaramar ɗawainiya ba ce. Gaskiyar magana ita ce mafi yawan kuramen wannan yanki za su yi rayuwarsu ba tare da dashe ba.

Maganar Hannu

Rashin ji ba rashin harshe ba ne. Kuramen ƙasar Hausa suna da harshensu tun kaka da kakanni, wanda ake kira maganar hannu ko maganar bebaye. Wata masaniyar harshe Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta zauna da kuramen Kano ta nazarce shi, ta wallafa littafi a kansa a shekarar 2000, inda ta nuna cewa yana da kalmominsa da ƙa'idojinsa kamar kowane harshe. A makarantun kurame kuwa, irin ta Tudun Maliki da aka buɗe a Kano a 1977, an fi amfani da alamomin da suka samo asali daga Amurka, waɗanda wani kurma baƙar fata, Andrew Foster, ya yaɗa bayan ya kafa makaranta a Ibadan a 1960. Bincike ya nuna cewa abin da ke cutar da ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro shi ne ya tashi babu wani harshe ko kaɗan, na baki ko na hannu. Don haka koyon maganar hannu ba gaba yake yi da na'ura ba.

Abin da Ya Rage ga Aboki da Malami

Kurma yakan karanci leɓe, amma leɓe ba ya faɗin kome da kome. Kalmomin bari da ɓari da mari duk kamanninsu ɗaya a baki, haruffan k da ƙ da g kuwa can cikin baki ake furta su, ido ba ya ganinsu. Saboda haka mai magana da shi ya fuskance shi, haske yana kan fuskar mai maganar, ya yi ta a natse. Ihu ba ya ƙara kome sai murguɗa baki. Idan bai gane ba, a sauya kalma ko a rubuta, kada a ce masa "bar shi kawai", domin wannan kalma ita ce ke fitar da mutum daga cikin hira a hankali har ya daina zuwa dandali.

Hirar dare a duhu tana daga cikin abin da ya fi yi wa kurma ciwo, sai aboki ya haska fuskarsa da tocila. A kan titi ya bi ta ɓangaren da ababen hawa ke fitowa, tun da ɗan'uwansa ba ya jin hon. A masallaci ya taɓa shi idan an ta da salla. A aji kuwa, malami ya zaunar da shi a gaba, kada ya yi bayani yana fuskantar allo, ya rubuta aikin gida maimakon faɗa da baki, ya kuma maimaita tambayar da wani ɗalibi ya yi daga baya. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Janairu 2019, ta tabbatar wa irin wannan yaro haƙƙinsa na neman ilimi.

Kammalawa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 60 cikin 100 na kurumtar yara ana iya hana aukuwarta. A Maris 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar Men5CV, mai kariya daga nau'o'i biyar na ƙwayar sanƙarau, kuma Jigawa tana cikin jihohin da aka fara da su. Karɓar rigakafi, da gaggauta kai mai zazzaɓi da sandarewar wuya asibiti, da auna jinsa bayan ya warke, su ne matakai uku da ke hannun kowa. Wanda kuma jin nasa ya riga ya tafi, ko ya samu na'ura ko bai samu ba, ci gabansa a makaranta ya dogara ƙwarai ga wanda ke zaune kusa da shi a benci. Ɗalibin da ya koyi alama goma ta maganar hannu a wannan zangon karatu, ya buɗe wa abokinsa ƙofar komawa cikin jama'a.