Kogi da Rumbu: Nazari a kan Arzikin Jahun da Ƙasar Haɗeja

A watan Nuwamba na 2023 manyan ƙasa suka hallara a Haɗeja suka ƙaddamar da shirin noman alkama na rani, aka ambaci hekta 40,000 a matsayin rabon Jigawa, kuma tun daga lokacin da wuya a yi taro a kan tattalin arzikin jihar ba a auna ci gabanta da yawan filin da aka nome da yawan buhun da aka girbe ba. Amma wanda ya tuna cewa wannan jiha ce Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta samu, a bincikenta na 2019, mutum 87 cikin kowane ɗari na mazaunanta suna cikin talauci, alhali kuwa ta daɗe tana cika kasuwannin Kano da shinkafa da riɗi da zoɓorodo, lalle zai yi shakkar wannan ma'auni. Abin da nake gani shi ne, garuruwa irin su Jahun suna noma fiye da yadda kakanninsu suka taɓa yi, amma arzikin ba ya kwana a gari, kuma asalin wannan illa yana cikin kogi.

Kafin a gama madatsar Tiga a 1974, kogin Haɗeja yana da al'ada sananniya wadda manomi da masunci da makiyayi suka gina rayuwarsu a kanta. Yakan cika a tsakiyar damina ya malale fadamu, sa'an nan ya janye a hankali ya bar laka mai albarka, a shuka wake da rogo da kayan lambu a kan danshinsa, a yi su a tafkunan da ya bari, shanu su bi bayan girbi. Idan rani ya yi nisa kuma sai gadonsa ya bushe, rana da kofato su kashe duk ciyawar da ta so ta kafu a ciki. Da aka datse shi a Tiga, aka ƙara da madatsar Challawa a 1992, aka riƙa sako ruwa rani da damina saboda bukatar birnin Kano da gonakin Kadawa, sai wannan tsari ya rushe. Ruwan da ba shi da zurfi kuma ba ya ƙafewa shi ne abin da kacala take so, don haka ta kafu, ta rage wa kogi gudu, yashi da laka suka kwanta a gindinta, gadon kogi ya tashi, har ya zama ambaliyar da a da hanyoyin ruwa za su ɗauke ta yanzu sai ta fasa gefe ta shiga gonaki da gidaje, kamar yadda aka gani a 2018 da 2020 da 2022 daga Ringim da Taura, ta Jahun da Miga, har zuwa Auyo da Kafin Hausa da Guri. Bayan haka kacalar ta zama mafakar jan-baki, wanda yake tashi garke guda da asuba ya sauka a gonar da ruwa ya ƙyale.

To, a nan ne mas'alar take komawa ta dukiya. Manomin Harbo ko Gunka a ƙasar Jahun a da daminarsa ce jarinsa: gero da dawa su cika rumbu, abin da fadama ta bayar kuma ya zama riba. Yanzu da damina ta zama abin da ba a iya dogara da shi, sai nauyin gida duka ya koma kan noman rani, wanda kuwa sana'a ce ta kuɗi a hannu tun daga ranar farko. Tun shekarun 1980, lokacin da hukumar KNARDA ta yaɗa ƙananan rijiyoyin burtsatse da injinan ban-ruwa, daga baya shirin Fadama ya ɗora a kai, jigo ya ɓace, fili ya faɗaɗa, kuma babu mai musun alherin da ke cikin haka. Sai dai jigo ƙarfin damtse yake ci, inji kuwa fetur. Wanda ya tsaya a bakin fangali a watan Maris zai ga yadda lissafin yake tafiya: ana ta da inji da sassafe, mesa tana tura ruwa cikin kwalbati, yaro yana bi da fartanya yana buɗe wannan fangali yana toshe wancan, ƙasa mai rairayi tana shanyewa kafin kwana uku, mai gona kuma idonsa yana kan jarkar mai fiye da yadda yake kan shukar. Da aka janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000.

Wanda rumbunsa ya tafi da ruwa, ga shi kuma dole ya sayi mai da taki da maganin feshi, ba shi da mafita face bashi, kuma bashin da yake samu galibi na ba-da-kaka ne, wato a ba shi kaya ko kuɗi yanzu ya biya da buhu ranar girbi, a kan farashin da mai bayarwa ya yanke. Malaman fiƙihu sun halatta cinikin salami da sharuɗɗansa don sauƙaƙa wa manomi, amma abin da ake yi a fadamu sau da yawa ya fi kusa da riba da cin dukiyar wanda larura ta kama. Saboda haka ranar da aka casa shinkafa, a ranar take barin gari: a auna ta shanshera a bakin gona, a loda mota, ta nufi Gujungu ko Haɗeja ko Kano, inda za a turara ta, a sheƙe, a tsince, a ɗura a buhu mai tambari, a ajiye har farashi ya tashi. Duk waɗannan ayyuka, da ladansu, da dusar da za ta ciyar da dabba, da harajin da ke kansu, wani gari ne yake amfana da su, Jahun kuwa a bar ta da kara da bashi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Masu wani ra'ayi suna cewa bai kamata a ɗora laifi a kan madatsu ba, domin su ne suke shayar da miliyoyin mutanen Kano, su ne kuma suke riƙe ruwan da da ya fi haka ɓarna; suna ƙarawa da cewa ruwan sama ya ƙaru, mutane kuma sun yi gini a kan hanyar ruwa, kuma ga aikin ban-ruwa na kwarin Haɗeja da aka gyara da rancen Bankin Duniya aka buɗe a Auyo a farkon 2023. Akwai gaskiya a cikin wannan, kuma babu mai hankalin da zai ce a rushe Tiga. Amma tun farkon shekarun 1990 Edward Barbier da abokan bincikensa suka lissafa noma da su da itacen da fadamun Haɗeja da Jama'are suke bayarwa, suka nuna cewa amfanin da ake samu daga ruwa a can ya ninka wanda ake samu daga irinsa a manyan gonakin gwamnati na sama, kuma suka ba da shawarar a riƙa sakin ruwa a kan lokacin da ya dace da fadama. Ilmin yana nan fiye da shekara talatin. Tadbiri ne ya yi ƙaranci.

Hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke a ranar 11 ga Yuli 2024, cewa a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ya sa an fara zancen tsara makomar garuruwa, kuma abin tsoro shi ne kada tsarin ya ƙare a kan abin da aka saba, wato jerin shaguna a bakin titi, da katangar tasha, da fitilu. Shago ba ya haifar da mai saye. Jahun tana da abin da garuruwa da yawa ba su da shi: ga babban asibitin da ƙungiyar likitocin MSF take aiki a cikinsa tun 2008, wanda mata masu haihuwa da masu yoyon fitsari suke zuwa daga nesa tare da 'yan jinya, ga kuma kwalejin kimiyyar lafiya da ɗalibanta, dukansu masu bukatar abinci da masauki da sufuri. Amma wannan kasuwa ƙarama ce idan aka kwatanta ta da ta manoman ƙaramar hukumar Jahun, mai mutum fiye da dubu ɗari biyu a ƙidayar 2006, waɗanda da za su iya riƙe rabin amfanin gonarsu wata huɗu kacal bayan girbi, da tela da maƙeri da mai gyaran inji da mai awo duk sun ji a aljihunsu.

Saboda haka tsarin da zai amfani Jahun ya wajaba ya fara da abubuwa uku, bisa wannan jeri. Na farko, ƙananan hukumomin da ke bakin kogi su haɗa murya, tunda babu ɗayansu da ke mallakarsa, su nemi Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ta bayyana jadawalin sakin ruwa kafin kowace damina, kuma yashe hanyoyi da sare kacala ya zama aikin kowane rani mai kasafi tabbatacce, maimakon gayyar da ake kira bayan ruwa ya ci gari. Na biyu, a sauke wa manomi nauyin fetur ta hanyar injinan hasken rana da ƙungiyoyin masu ban-ruwa za su mallaka su riƙa biya a hankali. Na uku, a gina sito a kan tudu inda manomi zai ajiye hatsi ya karɓi takardar shaida da zai ci bashi halal da ita, tare da ƙananan injinan casa kusa da matan da suka riga suka iya gumi.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai nuna sakamako a cikin wa'adin shugaban ƙaramar hukuma guda, kuma wannan shi ne dalilin da ya sa aka daɗe ana tsallake su. Maganinsa shi ne a rubuta su cikin dokar majalisar ƙaramar hukuma, a kuma sa hakimi da dagatai da malamai da shugabannin manoma su zama shaidu a kansu, domin waɗannan su ne za su kasance a gari bayan an sake zaɓe, kuma su ne za su iya tambayar sabon shugaba inda aka kwana a kan yashe kogi kafin ya fara zancen shaguna.