Asibitin Zana: Inda agaji da gwajin magani suka haɗu

Duk wanda ya saba bin titin France Road, ya ratsa ta Sabon Gari zuwa Fagge, ya san asibitin kula da cututtuka masu yaɗuwa, wanda Kanawa suka fi sani da Asibitin Zana. Ginin ba ya ɗaukar ido, ga hayaniyar 'yan kasuwa da masu Adaidaita-sahu ta kewaye shi, ta yadda baƙo zai iya wucewa bai lura ba. Amma a wannan harabar ce aka yi wani al'amari a shekarar 1996 wanda har yau ake karantar da shi ga ɗaliban likitanci a ƙasashen duniya, alhali mu da abin ya faru a ƙofar gidanmu mun kusa mantawa.

Idan mai karatu bai manta ba, a bazarar wannan shekara ce annobar sanƙarau ta afka wa Arewa, ta haɗu da ƙyanda da amai da gudawa. Mutum sama da 100,000 suka kamu, fiye da 11,000 suka riga mu gidan gaskiya, akasarinsu yara. Abin ya kai ga Saudiyya ta hana alhazan Nijeriya zuwa aikin Hajjin shekarar. Gadajen asibitin suka cika, aka koma shimfiɗa marasa lafiya a ƙasa.

Cikin waɗanda suka kawo ɗauki akwai ƙungiyar likitocin nan ta Médecins Sans Frontières, wadda gidajen rediyo ke kira Likitocin Na-gari-na-kowa. Wani abin lura shi ne tarihinta yana da jiɓi da wannan unguwa. Rikicin 1966 da ya sa dubban mazauna Sabon Gari suka tsere zuwa Gabas yana cikin abubuwan da suka haifar da yaƙin basasa, kuma wasu likitocin Faransa da suka yi aiki a yankin Biyafara, irin su Bernard Kouchner, su ne suka haɗu da wasu 'yan jarida suka kafa ƙungiyar a 1971. Bayan shekara 25 sai ga ta a Kano tana yi wa yara allurar chloramphenicol, magani mai araha da aka daɗe da sanin yana aiki a kan sanƙarau.

Ana cikin haka sai wata tawaga ta sauka daga Amurka, ta kamfanin magunguna na Pfizer, ita ma ta kama wuri a asibitin. Ta zo ne da sabon magani mai suna Trovan domin gwaji. Aka ɗebi yara 200, rabi aka ba su sabon maganin, rabi aka ba su ceftriaxone, amma ƙasa da ƙimar da aka saba bayarwa. Yara 11 suka rasu, biyar a ɓangaren Trovan, shida a ɗaya ɓangaren, wasu kuma suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki. Cikin 'yan makonni tawagar ta tattara kayanta ta tafi, annoba kuwa tana kan ganiyarta.

Adalci ne a faɗi abin da kamfanin ya ce. Ya tsaya a kan cewa cutar ce ta kashe yaran ba maganinsa ba, cewa ma'aikatan jinya sun yi wa iyaye bayani da Hausa sun kuma amince da baki, kuma yawan waɗanda suka rayu a hannunsa bai gaza na sauran wurare ba. Iyayen kuwa sun ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi, ko ya nuna musu cewa ga wasu likitocin can gefe suna ba da tabbataccen magani kyauta. A nan gizo ke saƙar. Uwar da ta goyo ɗanta wuyansa a sanƙare, ta yaya za ta bambance Baturen da ya zo ceto da Baturen da ya zo bincike, alhali dukkansu farar riga suke sanye da ita, a asibiti ɗaya?

Maganar ba ta fito fili sosai ba sai a Disambar 2000, lokacin da jaridar Washington Post ta bankaɗo ta. Daga baya ta bayyana cewa takardar amincewar kwamitin ɗa'a da aka gabatar an rubuta ta ne bayan gwajin, aka mayar da kwanan watanta baya. Wannan kuwa ba a Amurka aka yi ba, a nan gida aka yi, kuma ya kamata mu 'yan boko mu riƙa tuna haka kafin mu ɗora wa baƙo laifin duka. Kwamitin da Gwamnatin Tarayya ta kafa a ƙarƙashin Dokta Abdussalam Nasidi ya kammala rahotonsa a 2001, ya ce gwajin ya saɓa wa doka, amma rahoton ya yi kwantai a ofis har sai da jaridar nan ta sake fito da shi a 2006. Shi kansa Trovan, tun 1999 aka taƙaita amfani da shi a Amurka saboda illa ga hanta.

Gwamnatin Kano ta shigar da ƙara a 2007, aka sasanta a 2009 kan Dala miliyan 75 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Sai a 2011 iyalai huɗu na farko suka karɓi Dala 175,000 kowannensu, bayan gwajin ƙwayar halitta. Shekara 15 ke nan da binne yaran.

To amma babbar asarar ba ta shiga lissafin diyya ba. Hausawa na cewa wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Da jita-jita ta tashi a 2003 cewa rigakafin shan-inna na ɗauke da sinadarin hana haihuwa, masu yaɗa ta ba su sha wahalar neman hujja ba, Asibitin Zana kawai suka nuna. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta dakatar da rigakafin har zuwa Yulin 2004, cutar ta bazu zuwa ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita. Zargin ba gaskiya ba ne, amma yaran da ƙafafunsu suka shanye na gaske ne. A Fabrairun 2013 kuma 'yan bindiga suka kashe ma'aikatan rigakafi tara a cikin birnin nan, mafi yawansu mata. Sai a Agustan 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar.

Ba za a ce ba a gyara komai ba. Nijeriya ta fitar da ƙa'idojin ɗa'ar binciken lafiya a 2007, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ƙara wa kwamitin da ke sa ido ƙarfi. Sai dai takarda ba ta tsare kanta. Rana irin ta annoba, ko ta ambaliya kamar ta Maiduguri a Satumban 2024, ko ta tashin bam kamar na tashar New Road a Maris 2013, ba wanda ke da natsuwar karanta fom. A irin wannan rana likitanmu na gida da ma'aikaciyar jinya da ke yin tafinta su kaɗai ne za su iya tambayar baƙo: wane magani ne wannan, wa ya ba ka izini, kuma me za a gaya wa iyaye?

A 2023 cutar mashaƙo ta yi wa Kano dirar mikiya, jihar ta fi kowace yawan masu kamuwa, kuma akasarin yaran da aka kwantar ba a yi musu rigakafin da aka daɗe ana bayarwa kyauta ba. Likitocin Na-gari-na-kowa suka sake dawowa, suka haɗa hannu da ma'aikatar lafiya ta jiha. Ɗaya daga cikin wuraren da aka buɗe domin karɓar yaran shi ne dai Asibitin Zana.