Gyaran Gida Bayan Kaka: Da Wane Ɗaki Za Mu Fara?

 Yanzu gero ya shiga rumbu, shinkafa tana masussuka, ɗan kuɗi kuma ya shigo hannu. A irin wannan lokaci ne maigida ya kan ɗaga kai ya dubi gidansa, uwargida kuma ta tuna masa da alkawarin da ya yi mata tun bara. Saboda haka muka ga ya kamata mu yi magana a kan gyaran ɗakuna tun kuɗin bai bi hanyar kasuwa ba.

Kwanan baya, cikin yawon da mu ke yi na duba gonaki, mun sauka a wani gida. Maigidan ya shafe zaurensa da shuɗin fenti, ya jera sababbin kujeru, ya rataye agogo da kalanda. Kyau kam ba a magana. Amma da aka shiga da mu cikin gida, sai muka tarar ɗakin da yara shida su ke kwana ba shi da taga, sai wata 'yar kafa, ita ma an toshe ta da tsumma. Ba don mu kunyata shi muka kawo wannan ba, gama yawancinmu haka mu ke yi: abin da baƙo zai gani shi mu ke fara gyarawa. Shawararmu ita ce a juya tsarin. A fara da inda iyali su ke kwana, a bi da inda a ke girki, zaure ya zo daga baya.

Ɗakin kwana

Akwai cuta biyu da su ke damunmu a wannan ƙasa, duka biyun kuwa suna da hulɗa da yadda ɗakin kwana ya ke. Ta fari ita ce sanƙarau. Tsofaffi ba su manta da 1996 ba, shekarar da ta kashe mutum fiye da 11,000 a arewacin Nijeriya. Ba kuma labarin dā kaɗai ba ne. A watan Maris na 2025 gwamnatin Jihar Kebbi ta ba da sanarwar mutuwar mutum 26, kuma ƙaramar hukumar Gwandu tana cikin wuraren da abin ya fi shafa. Cutar tana bin numfashi da tari, ta fi kuwa yaɗuwa da rani, sa'ad da ƙura da zafi suka yi yawa, a ɗakin da mutane suka cunkushe ba iska.

Ta biyu ita ce zazzaɓin cizon sauro. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cikin yara 'yan ƙasa da shekara biyar da aka gwada jininsu a Kebbi, kashi 52 cikin ɗari suna ɗauke da ƙwayar cutar. A 2021 an sami kashi 49. Duka sau biyun ba jihar da ta kai tamu. Shi ya sa da aka soma allurar rigakafin wannan zazzaɓi a watan Disamba na 2024, da Kebbi da Bayelsa aka fara.

To, ga inda wuyar ta ke. In ka buɗe ɗaki don iska, sauro ya shigo. In ka toshe don sauro, iska ta tsaya. Yawancinmu mun zaɓi toshewa, har da dalilin ɓarayi da sanyin hunturu. Amma akwai hanyar samun duka biyun, watau a rufe inda sauro ya ke bi, a buɗe inda iska za ta bi, a sa masa ragar waya.

Sauron da ya ke kawo zazzaɓi ba ta ƙofa kaɗai ya ke shiga ba. Yana bin warin masu barci, in ya iske bango sai ya yi sama, ya shige ta kafar nan da ke tsakanin kan bango da rufi. Ku kwanta da rana ku dubi sama, duk inda kuka ga haske a kan bango, nan ce hanyarsa. A cike wurin da ƙasa, ko a yi wa ɗakin silin. A yankin Farafenni na ƙasar Gambiya an gwada wannan a gidaje 500, aka sa wa waɗansu raga a ƙofa da taga aka rufe kafar rufi, waɗansu kuma aka yi musu silin na raga. Sakamakon da ya fito a 2009 ya nuna sauron da ke shiga ya ragu da wajen rabi, ƙarancin jini a jikin yara shi ma ya ragu da wajen rabi.

Amma kada a rufe kan bango ba a huda taga ba. Ƙa'ida mai sauƙin riƙewa ita ce, faɗin tagogi ya kai kashi ɗaya cikin goma na faɗin daɓen ɗaki. Ɗaki mai ƙafa 10 da ƙafa 12 yana bukatar taga biyu, kowacce ƙafa 2 da ƙafa 3. Lalle kuma su kasance a bango dabam dabam, ɗaya tana duban ɗaya in ya yiwu, gama iska ba ta shiga ɗakin da ba ta da mafita. A ɗaga su sama kaɗan, wajen kafaɗar mutum, don kada mai wucewa ya leƙa, a sa sandunan ƙarfe saboda ɓarawo, sa'an nan raga, sa'an nan murfin katako da za a iya turawa da sanyi. In bangon ƙasa ne, kada maigida ya huda da kansa. A kira magini ya fara kafa itace mai ƙarfi a bisa wurin, ya kuma nisanci kusurwa da inda azara ta zauna. Dole mu ƙara da cewa taga ba ta maye gurbin allurar rigakafi ko gidan sauro. A kafa ƙusoshi huɗu a bisa kowane gado tun lokacin gyara, don mun lura gidan sauro da yawa suna cikin akwati ne kawai don ba inda za a ɗaura su.

Game da rufi, kakanninmu sun san abin da su ke yi da suka yi soron ƙasa bisa azarar giginya. Da tsakar rana cikin Afrilu, sa'ad da zafi ya wuce digiri 40, ɗakin soro ya fi na kwano sanyi nesa ba kusa ba. Amma giginya ta yi wuya yanzu, mutane kuma sun gaji da yaɓen kowace shekara, saboda haka kwano ya ci gari. Wanda ya yi kwano, to, kada ya tsaya nan. Silin ba sai na kanti ba. Zana mai kyau, ko asabari, ko tabarmar kaba da aka ɗaure bisa sanduna, duk suna tare zafin kwano. A riƙa dubawa dai saboda gara da ɓera.

Abu ɗaya kuma kafin mu bar ɗakin kwana. Da hunturu kada a kwana da kaskon gawayi a ɗakin da aka rufe ruf, kada kuma a tayar da janareto a ciki ko a bakin taga. Iskar da su ke fitarwa ba ta da wari, mutum ya kan wuce cikin barci bai sani ba.

Gindin bango da daɓe

Wannan ya fi shafar 'yan'uwanmu na Kalgo da sauran masu zama kusa da fadama. Ambaliyar 2020 ba shinkafa kaɗai ta ci a Jihar Kebbi ba, gidajen ƙasa da yawa sun zube. In kun lura, bangon ƙasa daga gindi ya kan fara mutuwa. Ruwa ya kwanta a jikinsa, laima ta hau, ƙasa ta riƙa zubowa har bangon ya rasa abin tsayawa. Maganinsa shi ne a yi dakali mai gangara kewaye da ɗaki, tsayin wajen ƙafa ɗaya, a gyara tsakar gida ruwa ya riƙa gudu zuwa waje, a zuba duwatsu inda indararo ya ke zubarwa. Daɓen ɗaki kuma ya fi tsakar gida tudu.

Mutane da yawa suna tsammani shafen siminti shi ne ƙarshen gyara. Siminti da bangon ƙasa ba su cika jituwa ba. Bayan damina biyu ko uku sai ya tsage, ruwa ya shiga ta bayansa ya kasa fita, bangon yana ruɓewa a ɓoye, wata rana shafen ya ɓamɓare gaba ɗaya. Mu dai mun fi yarda da yaɓen ƙasa da aka kwaɓa da makuba, watau ruwan ɓawon ɗorawa, yadda maginan dā su ke yi. In akwai kuɗin buhun siminti biyu ko uku, a kai su ƙasa, a yi daɓe. Daɓen siminti yana shāruwa, yana wankuwa, yaro mai rarrafe kuma ba ya cin ƙasa. Awo ɗaya na siminti, awo uku na yashi mai tsabta, a kan ƙasar da aka daddaɓe da tsakuwa, sa'an nan a riƙa yayyafa ruwa har kwana bakwai. Wannan yayyafin shi a kan yi wa rowa, shi ya sa daɓe ya ke farfashewa. Wanda ba shi da halin siminti kada ya ji kunya. Daɓen birji da mata su ke bugawa da madaɓi, a shafe da makuba, yana shekaru in ana kula da shi.

Madafa

Uwargida ta kan yi awa da yawa kowace rana a bakin murhu, sau da yawa da goyo a bayanta. Ku dubi baƙin da ke jikin bangon madafa, irinsa ne ya ke shiga ƙirjinta da na jaririn. Amma ba safai maigida ya kan sa wa madafa ko kwabo ba, don shi ba ya zama a ciki. Gyaranta kuwa shi ne mafi araha a gidan duka. A huda kafa babba can sama kusa da rufi don hayaƙi ya fita, a bar wata a ƙasa iska ta shigo. Da rani a yi girki a rumfa.

Sa'an nan a gina murhu. A Burkina Faso cikin shekarun 1980 mata suka koyi gina katangar yumɓu kewaye da duwatsun murhu uku, a Nijar kuma aka yi na ƙarfe mai suna Mai Sauƙi. Na yumɓun ba ya bukatar kuɗi. A kwaɓa yumɓu da yankakkiyar ciyawa da kashin shanu, a rufe shi ya kwana biyar ko shida. A ɗora tukunyar bisa duwatsun, a gina kewaye da ita har wuyanta, a bar tsakani kamar kaurin yatsa don wuta ta lashi jikin tukunya. A yanke ƙofar itace guda ɗaya, a bar shi ya bushe a inuwa mako guda. Kowace tukunya da nata murhun. Iska ba ta kwashe wuta, itace yana daɗewa, yaro kuma ba ya faɗawa cikin garwashi. A kafa ɗan gado na sanduna a rana don shanya kwanoni, randa kuma ta sami murfi da moɗa mai mariƙi.

Ɗakin ajiya da bayan gida

Taki, da maganin feshi, da man fetur na injin ban ruwa, ba wurinsu ba ne ƙarƙashin gado. Mafi haɗari ita ce ƙwayar nan da a ke jefawa cikin buhun wake don kashe ƙwari, gama iskar da ta ke fitarwa guba ce ga mutum. Ko da 'yar bukka ce a yi musu dabam, da kwaɗo. Wake kuwa a zuba shi a buhun PICS mai gida uku, wanda ba ya bukatar magani. Buhuna su hau kan katako, kada su jingina da bango.

Masai ya yi nisa da rijiya kamar ƙafa 100, ya kuma kasance ta gangare. In marar rufi ne, a yi wa ramin murfi mai mariƙi. In za a yi mai rufi, akwai dabarar da Peter Morgan ya fito da ita a ƙasar Zimbabuwe cikin shekarun 1970: bututu mai faɗin inci 4 daga rami har ya zarce rufi da ƙafa ɗaya da rabi, da raga a bakinsa. Wari ya bi bututu, ƙuda kuma su bi haske su maƙale a raga su mutu. Irin wannan ba a rufe raminsa, cikinsa kuma a bar shi da ɗan duhu.

Zaure da ado

Ba mu ce ado laifi ba ne. Farar ƙasa ta fi fentin mai dacewa da bangon ƙasa, tana haskaka ɗaki, ga araha, ko yara ma sun iya shafawa. Jeren uwargida ya hau kanta a jikin bango maimakon ya cinye rabin daɓe, tufafi kuma su shiga akwati, gama sauro yana son maƙalewa cikin kayan da aka rataye a duhu. Masu zaman haya su nemi kafinta ya yi musu firam na raga da za su iya cirewa su tafi da shi.

Ragar waya tana da tsada in mutum ɗaya ya je sayen yadi biyu. In ƙungiya ta sayi naɗi guda a Birnin Kebbi ko kasuwar Jega, ta ɗauki kafinta ɗaya ya bi gida gida, kuɗin zai sauka ƙwarai. Yaɓe da daɓe da murhu kuwa aikin gayya ne, tilas kuma a gama su kafin ruwan fari ya sauka wajen watan Mayu. Muna roƙon kowane mamba ya auna ɗakin kwanan 'ya'yansa da ƙofa da tagogin da ke akwai, ya rubuta a takarda, ya kawo wa magatakardan ƙungiyarsa a taro mai zuwa, don mu san yawan ragar da za a saya.