Fuskar Talabijin Ta Cika Ta Batse

Yau shirin namu zai duba cunkoson rubuce-rubucen da ke mamaye fuskar talabijin a lokacin labarai.

Ku kunna kowace tashar labarai ku gani. Mai gabatarwa yana magana a tsakiya. Ƙarƙashinsa ga jan zane mai manyan haruffa, wai labari da ɗumi-ɗuminsa. Can ƙasa kuma wani layin rubutu yana ta gudu, ɗauke da labarin da ba ruwansa da abin da bakin mutumin ke faɗa. A kusurwa ga agogo, ga tambarin tasha, ga farashin hannun jari yana hawa yana sauka.

Da can, tashoshin kasuwanci irin su Bloomberg da CNBC da kuma na wasanni ne suka fi amfani da layin nan mai gudu. Ranar 11 ga Satumba, 2001 ce ta shigar da shi ɗakin labarai ya zauna. Da aka kai hari New York da ma'aikatar tsaron Amurka, labarai suka yi ta kwararowa fiye da yadda baki ɗaya zai iya faɗa. Fox News ta fara sakin layin da safiyar ranar, CNN da MSNBC suka bi sahu kafin rana ta faɗi. A wannan rana kam akwai hujja, domin jama'a na cikin firgici, kowa na neman sabon bayani minti bayan minti. Ƙura ta lafa, layin bai tafi ba, har tashoshin wasu ƙasashe suka kwaikwaya, namu na gida ma ba a bar su a baya ba.

To, mai kallo fa, me yake kwasa? A shekarar 2005, Lori Bergen da Tom Grimes na Jami'ar Kansas State, tare da 'yar jarida Deborah Potter, sun wallafa sakamakon wani gwaji. Sun nuna wa ɗalibai labarai iri ɗaya, wasu a fuska mai cunkoso, wasu a fuskar da aka share. Waɗanda suka kalli mai cunkoson sun riƙe bayanai ƙasa da na 'yan'uwansu da kusan kashi 10 cikin 100. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Magana kalmomi ce, rubutu ma kalmomi ne, kuma hankalin ɗan Adam ba ya bin zance biyu lokaci guda. Taura biyu ba ta taunuwa. Da ido ya bi layin, kunne ya saki mai magana.

Su kansu masu tashoshin sun san haka. CNN ta cire layin mai gudu a ƙarshen 2008, ta dawo da shi a 2013. A 2022 kuma sabon shugabanta, Chris Licht, ya umarci ma'aikata su rage liƙa jan zanen nan a kan kowane labari, saboda yawansa ya zubar masa da kwarjini. Abin da ke riƙe da cunkoson shi ne gasa: ana tsoron kada mai kallo ya ga fuska shiru ya canza tasha. Akwai kuma akwatunan talabijin da ke rataye a bankuna da filayen jirgin sama, waɗanda aka kashe wa sauti, inda rubutun ne kaɗai ke isar da labari.

Ni abin da ya fi ci mini rai shi ne wanda ake bari a baya. Dattijon da idonsa ya yi rauni, da mai karatu a hankali, kafin su haɗa kalma uku layin ya wuce. Kurame kuwa, waɗanda suka fi kowa buƙatar rubutu, abin da zai amfane su shi ne a rubuta musu ainihin maganar da ake yi, ko a ba mai fassara da hannu wuri wadatacce. Sau da yawa sai ka tarar an matse shi a ɗan lungu, an bar fili ga farashin hannun jari.

Nan za mu dakata. Sai Allah ya kai mu shiri na gaba, ku huta lafiya.