Kwalliyar hunturu: abin da ke sa hodar ruwa tsagewa a fuska, da yadda ake gyarawa

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, iskar hunturu na busar da komai a Maradi, Damagaram da Tawa, har da fatar fuska. Da rana damshin iska kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100. A lokacin ne ake yawan ganin amare da ƙawayensu fuska ta yi furu-furu, hodar ruwan da aka shafa, wato fondetan, ta tsattsage a gefen baki da ƙasan ido tun ba a watse daga biki ba.

Abu biyu ke jawo haka: bushewar fata da zaɓen launin da ba na mutum ba.

Hodar ruwa mai damshi takan ƙunshi glisarin ko sinadarin hiyaluronik, masu jawo ruwa su riƙe shi a saman fata. To amma idan iska ta bushe, ruwan kan tsere da wuri, sai an rufe shi da mai. Don haka bayan wanke fuska, a shafa mai mara nauyi tun fatar na da ɗan laima. Mai busasshiyar fata na iya ƙara ɗan man kaɗanya a kumatu. A jira minti 5 kafin a ɗora hoda.

Wajen shafawa, kaɗan ta isa. A ɗiga ta a goshi, hanci, kumatu da haɓa, a riƙa dannawa da soso mai laima, ba gogawa ba. Busasshiyar hoda kuwa a goshi da hanci kawai, inda maiƙo ke fita.

Batun launi ya fi wuya. Mata da dama na sayen wadda ta fi su haske, sai fuska ta rabu da wuya, ta fito kamar toka a hoto. A gwada launin a muƙamuƙi, a fita hasken rana, a jira ƴan mintoci, domin wasu kan ƙara duhu bayan sun sha iska. Yanzu launuka sun yawaita: a 2017 kamfanin Fenty Beauty na mawaƙiya Rihanna ya fito da kala 40 a lokaci guda, wasu kamfanoni suka bi sahu.

Neman hasken nan ne ke kai wasu ga man bilicin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa sinadarin makuri da ke cikin wasu mayukan na lalata ƙoda, ƙasar Kodebuwa kuma ta haramta irin waɗannan mayuka a 2015.

A gidajen kwalliya, soso ɗaya kan bi fuskoki da yawa, abin da ke yaɗa ƙuraje. Gara mace ta je da nata, ta riƙa wanke shi da sabulu. A duba hoton ƙaramin gwangwani a jikin kwalba: idan an rubuta 12M, wata 12 ke nan bayan buɗewa. Kuma komai gajiyar biki, a wanke fuska kafin a kwanta.