Akwatin Sa'a a Wasannin Bidiyo: Ciniki ne ko Caca?

Daga cikin muhawarorin da suka dabaibaye masana'antar wasannin bidiyo a shekarun baya-bayan nan, kaɗan ne suka kai gaban majalisu da kotuna kamar ta akwatin sa'a. Abin da ake nufi da akwatin sa'a shi ne ƙunshin da mai wasa ke saye da kuɗin aljihunsa a cikin wasa ba tare da sanin abin da ke ciki ba, sai bayan ya buɗe yake ganin ko ya dace da abu mai daraja ko tarkace ya kwaso, domin kwamfuta ce ke jefa ƙuri'a bisa lissafin da kamfani ya tsara. Matasan da suka saba da wasan ƙwallo na FIFA, wanda tun 2023 ake kira EA Sports FC, sun san shi a sashen Ultimate Team, inda ake sayen ƙunshin katunan 'yan ƙwallo da fatan wani gwarzo zai faɗo.

Rigimar ta ɓarke ne a Nuwamban 2017, lokacin da kamfanin EA ya fito da Star Wars Battlefront II, masu wasa suka ga cewa mai kuɗi zai iya sayen fifiko a kan wanda ya fi shi gwaninta, suka yi ca a kan kamfanin har ya dakatar da cinikin. A 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke cewa irin waɗannan akwatuna caca ne, wanda ya sa EA ya daina sayar da kuɗin wasan FIFA a ƙasar a farkon 2019. Holan ma ta ɗauki mataki har da yi wa EA barazanar tarar da za ta iya kai Yuro miliyan 10, amma a 2022 babbar kotun gudanarwa ta soke hukuncin, bisa hujjar cewa katunan wani yanki ne na wasan gwaninta, ba wasan sa'a mai zaman kansa ba. Birtaniya kuwa ta bar wa kamfanonin su tsawata wa kansu.

Hujjar kamfanoni ita ce mai saye ba ya tashi a tutar babu, kuma ƙa'idar wasan ba ta yarda a mayar da abin da aka samu kuɗi ba. Wata jami'ar EA ma ta shaida wa kwamitin majalisar Birtaniya a 2019 cewa dabarar ba-zata ce kawai, irin ta ƙwan cakulan na Kinder. Wannan hujja tana da nauyi a gaban alƙali, saboda dokokin caca da yawa sun rataya ne a kan ko ladan yana da darajar kuɗi, amma ba ta taɓa ainihin matsalar ba, domin abin da ke sa yaro ya sake biya ɗokin buɗewa ne da zaton cewa na gaba shi ne mai rabo. Masu bincike irin su David Zendle sun gano alaƙa tsakanin yawan kashe kuɗi a akwatunan da matsalar caca, ko da yake alaƙa ba ta nuna wanne ne ya haifi wanne.

Wanda ya karanci fiƙihun ciniki zai shigo wa batun ta wata ƙofa, wato babin garari, wanda ya hana sayar da abin da ba a san haƙiƙarsa ba, abin da Bahaushe ke kira cinikin biri a sama. A nan ba a tambayar ko za a iya canjin ladan da kuɗi, tambayar ita ce ko mai saye ya san abin da ya biya wa. Ƙasar Sin ta kusanci wannan fahimta da ta wajabta wa kamfanoni bayyana yiwuwar samun kowane kaya tun 2017, kuma EA ya fara nuna nasa alƙaluman a 2018. Sai dai a kan katunan da aka fi nema akan rubuta "ƙasa da kashi 1 cikin 100" ne kurum, adadin da bai bambance tsakanin ɗaya cikin 200 da ɗaya cikin 100,000 ba.