Neman Mafaka a Nesa: Abin da Tarihin Gure Ya Nuna

Ƙaura zuwa lungu don tsira daga yaƙin duniya ko rushewar al'umma ta zama harkar masu kuɗi a ƙasashen Turai da Amurka. Attajirin nan Peter Thiel ya sami shaidar zama ɗan ƙasar Niyu Zilan a 2011, ya kuma sayi fili a bakin tafkin Wanaka. Tsoron nasu yana da tushe. Wani bincike da mujallar Nature Food ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa yaƙin nukiliya tsakanin Amurka da Rasha zai iya halaka mutum sama da biliyan 5 da yunwa, domin hayaƙi zai tare rana, amfanin gona ya lalace.

Ƙasar Gure, a gabashin jihar Damagaram ta Nijar, ta daɗe da sanin wannan dabara ba tare da kuɗi ba. A ƙarni na 19 Gure ce fadar Munyo, masarautar da ke ƙarƙashin Borno. Baturen nan matafiyi Heinrich Barth ya sauka a garin a watan Disamba na 1852, zamanin sarkinta Munyoma Koso, ya tarar da gari jingine da duwatsu, a ƙasar da mahara daga arewa ke yawan kai wa farmaki. Can arewa kuma duwatsun Kutus, wajen Kelle, sun zama maɓuyar Dagirawa. Dutse yana hana doki da raƙumi gudu, mai kwari da baka kuma yana hango baƙo tun daga nesa. Idan masifar hari ce, mai zuwa ta wuce cikin kwanaki, hawa dutse da ɗan hatsi da salkar ruwa yana isa.

Fari kuwa wani abu ne daban, kuma a nan lissafin masu neman lungu yake rushewa. A yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, da farin 1973 zuwa 1974, mutanen wannan sashe na Sahel ba daji suka nufa ba. Daga daji suka fito, suka doshi garuruwa da kasuwanni da kudu. Wanda ya fi nisa da hanya shi ya fi jigata: dabbobinsa su mutu a bakin rijiya, taimako kuma ya iso masa a makare. A 1984 abin ya haɗu da rufe iyakar Najeriya a mulkin Janar Muhammadu Buhari, hatsi ya daina hawowa, har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar sunansa.

Wurin da ya riƙe mutane a irin waɗannan shekaru shi ne kwari. Tsakanin tuddan rairayi na Gure har zuwa Maine-Sorowa akwai ɗaruruwan kwaruruka inda ruwa yake kusa da ƙasa. Daga baki goruba ce ke zagaye, sai dabino, sai lambunan rogo da rake da albasa, a tsakiya kuma farar kanwa shimfiɗe kamar gari a faifai. Sai dai kowane kwari da masu shi, kowane dabino da magadansa, baƙo ba ya dasa ko tushe ɗaya sai da yardar mai gari. Kanwar ma ba a cin ta a ƙoshi. Sai an ɗora ta a mota zuwa kasuwannin Najeriya ta koma gero. Ga rairayi da ke binne wasu kwarurukan, har sai an kafa shingen kaba da rassa a kan tudu kafin a tsayar da shi.

Abubuwan baya-bayan nan ma haka suka nuna. Bayan da Boko Haram ta fara kai hari Difa da Bosso a Fabrairun 2015, dubban masu gudun hijira sun kafa bukkoki a gefen babbar hanya ta ɗaya, wadda ta ratsa Gure, domin nan ne tankar ruwa da motar abinci ke bi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar kuma, takunkumin CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Yammacin Afirka, ya rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, shinkafa da magani suka yi tsada har a ƙauyukan da ba su san fitilar kamfanin lantarki na NIGELEC ba. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024.